Manjagara, Garma da Taya: Abin Lura Kafin Mu Sayi Kayan Tarakta a Ƙasar Mai'adua

(Jawabin da Kwamitin Noma ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya)





Kamar yadda aka sani, ƙungiya ta ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya duba batun sayen tarakta da kayan aikinta, ya kuma kawo shawara kafin a taɓa ko kwabo daga cikin gudummawar da jama'a suka tara. Kuɗin nan gumin mutane ne. A cikinsa akwai na ɗan kasuwa, akwai na malamin makaranta, akwai na tsohuwar da ta sayar da akuyarta. Saboda haka muka ga bai kamata mu zo da sunan kamfani da farashi kawai ba. Wajibi ne mu bayyana dalilanmu a fili, domin duk wanda ya ga kuskure ya gyara mana tun ba a fitar da kuɗi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai saye shi ne ita kanta taraktar: launinta da girmanta da ƙarar injinta. Amma a gona abubuwa biyu ne kawai suke taɓa ƙasa, wato tayar da take tafiya a kai da kuma ƙarfen da take ja a baya. A kansu za mu yi magana yau.

Irin ƙasar da Allah ya ba mu

Yawancin gonakin Ƙaramar Hukumar Mai'adua jigawa ce, ƙasa mai yashi da sauƙin nomawa, kamar dai sauran ƙananan hukumomin masarautar Daura, wato Daura da Zango da Sandamu da Ɓaure. Ruwan da muke samu a yawancin shekaru tsakanin milimita 500 ne zuwa 700, kuma kusan dukkansa yana sauka daga watan Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin kuwa rana ce da iska. Albarkar irin wannan ƙasa tana cikin 'yar fatar da ke samanta, wadda kaurinta bai fi taƙi guda ba. Nan taki yake, nan ruɓaɓɓen ganye yake, nan kuma saiwar gero take fara neman abinci. Idan wannan fata ta tashi, abin da ya rage farin yashi ne.

Haka kuma gonakinmu ƙanana ne, domin gado ya rarraba su, kuma cike suke da itatuwa masu amfani irin su gawo da kanya da aduwa da kuka da magarya, ban da kalgo da sabara. Muna shuka gero tare da wake, ko dawa tare da gyaɗa, a gona ɗaya. Kayan aikin da aka ƙera domin shimfiɗaɗɗun filayen Amurka ko Turai, inda ake tafiyar kilomita guda ba a ga itace ba, ba lalle ne su dace da mu ba sai mun tace.

Darasi daga tarihi

Ba mu ne muka fara ɗokin inji ba. Daga 1947 zuwa 1951 gwamnatin Ingila ta zuba dukiya mai yawa a shirin noman gyaɗa da injuna a Tanganyika, wadda yanzu take cikin Tanzaniya, amma saiwoyin itatuwa da taurin ƙasa da ƙarancin ruwa suka karya injunan, shirin ya rushe. A nan gida ma an gwada irinsa a Mokwa daga 1949 zuwa 1954, shi ma bai kai labari ba. A Amurka kuwa, cikin shekarun 1930, kifar da ƙasar filayen ciyawa da garmar inji da aka yi ta yi ya haɗu da fari, iska ta kwashe ƙasar gonaki, dubban iyalai suka yi ƙaura. Daga baya Nijeriya ta kafa masana'antun harhaɗa tarakta, Steyr a Bauchi da kuma ta Fiat a Kano, gwamnatoci suka buɗe sassan ba da hayar tarakta, amma duk wanda ya zagaya sakatariyoyin ƙananan hukumomi ya ga gawarwakin taraktocin da suka kwanta saboda rashin taya ko wani ɗan ƙarfe.

A gefe guda kuma, garmar shanu irin ta Emcot, wadda ta fara shigowa Arewa tun zamanin Turawa, har gobe tana aiki a ƙauyukanmu. Dalili kuwa shi ne ta dace da huɗar da muka saba, maƙerin gari yana iya gyara ta, shanun da ke janta suna ba da taki, kuma a ƙarshe a kai su kasuwar Mai'adua ranar Lahadi a sayar da riba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu ɗora kowane kayan tarakta a kai: ya dace da ƙasarmu, ana iya gyara shi a kusa, kuma yana biyan kuɗinsa?

Maƙalar baya da ƙarfin inji

Kafin a zaɓi abin ja, a fara sanin inda za a maƙala shi. Taraktocin zamani suna da hannuwa uku a baya, biyu a ƙasa ɗaya a sama, waɗanda ƙarfin haidrolik yake ɗagawa da saukewa. Wani mutumin Ailan mai suna Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro wannan tsari, ya kuma bazu a duniya bayan fitowar taraktar Ford-Ferguson a 1939. An kasa maƙalar aji-aji. Aji na ɗaya na ƙananan taraktoci ne, masu ƙarfin doki kamar 20 zuwa 45, kuma kaurin ƙusoshinsa na ƙasa milimita 22 ne. Aji na biyu na masu ƙarfin doki kamar 40 zuwa 100 ne, ƙusoshinsa milimita 28. Taraktocin da aka fi gani a yankinmu, irin su Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, aji na biyu ne. Wanda ya sayo manjagara ko haro na aji na ɗaya ya maƙala wa irin wannan tarakta, ko da ya sa zobe ya cike ramin ƙusa, ƙarfin injin zai iya lanƙwasa ƙarfen idan ya ci karo da kututture. Wanda kuma ya ɗora wa ƙaramar tarakta kaya mai nauyin gaske, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: gabanta zai riƙa ɗagawa, sitiyari ya daina jin magana.

Manjagarar tarakta: aikinta da iyakarta

Manjagarar tarakta dogon ƙarfe ne da aka jera wa haƙora masu lanƙwasa kamar lauje, tsakanin haƙori da haƙori kimanin santimita 3 zuwa 5. Faɗinta yakan kama daga mita ɗaya da rabi zuwa mita 2.4 ko fiye. Ba ta buƙatar sandar nan mai juyawa da ke bayan tarakta, janta kawai ake yi. Ana iya karkata ta dama ko hagu domin ta riƙa ture shara gefe guda a layi, mai kyau kuma ana iya juya ta gaba ɗaya ta fuskanci baya.

Aikinta shi ne tattara abin da ke kan ƙasa da kuma baje ƙasar da ta riga ta yi laushi. A wurinmu mun ga inda za ta yi amfani sosai. Na farko, takin bola da ake kwasowa daga gari zuwa gona yanzu cike yake da leda da tsumma da gwangwani, ledar nan kuwa tana hana ruwa shiga ƙasa, tana kuma kashe dabbobin da suka haɗiye ta. Manjagara tana baje takin, ta tsame tarkacen ta tara su wuri ɗaya. Na biyu, tana daidaita filin noman rani bayan an yi haro, kamar a wuraren ban ruwa na madatsar Sabke, kafin a yanka fangali. Na uku, tana gyara hanyoyin ƙasa da ke tsakanin ƙauyuka da gonaki bayan damina ta ɓata su, da filin idi, da filin makaranta, da harabar kasuwa. Na huɗu, tana share layin kariya daga gobara a kewayen rumbuna da wurin da aka tara kara.

Akwai kuma abin da ba aikinta ba ne. Ba ta tumɓuke kututture, ba ta fasa ƙasa mai tauri, ba kuma ita ce manjagarar tattara ciyawar dabbobi ba, wadda ƙirarta dabam ce. Idan aka ja ta a kan busasshiyar harawar wake ko ta gyaɗa, ganyen zai kakkaɓe ya bi ƙasa, a tashi da tsirara jijiya, alhali ganyen ne abin da dabba take so kuma shi ne kuɗin harawa.

Wajen zaɓe, abubuwa huɗu muke roƙon a lura da su.

Faɗi. Dole manjagara ta rufe sawun tayoyin baya ko da an karkata ta. Idan aka karkata ta da digiri 30, faɗin aikinta yana raguwa da kusan kashi 13 cikin ɗari, wato mai mita 2.4 za ta koma kamar mita 2.1. Tarakta mai ƙarfin doki 75 faɗinta daga bakin taya zuwa bakin taya yakan kusanci mita biyu. Ke nan mai mita 2.4 ce ta dace da ita, mai mita 1.8 kuwa za ta riƙa barin sawun taya a fili.

Haƙora. Su kasance na ƙarfe mai tsalle wanda aka gasa, wanda idan ya bugi dutse yakan lanƙwasa ya dawo. Kowane haƙori ya zamana da noti aka ɗaure shi, ba walda ba, domin idan ɗaya ya karye a kwance shi kaɗai a sauya. Masu waldarmu na Mai'adua da Daura suna iya ƙera gangar jikin da kyau, kuma muna goyon bayan a ba su aikin, amma a sayo musu haƙoran na ainihi. Rodin gini idan ya lanƙwashe ba ya dawowa, araha kuwa ba ta ado.

Wurin juyawa. Nan ne duk nauyin aiki yake taruwa. A duba kaurin farantin da ƙusar da ke kulle shi, a kuma tabbata akwai bakin sa giris.

Ƙananan ƙafafun baya. Waɗannan 'yan tayoyi biyu ne da ake ɗaurawa a bayan haƙora, kuma dillalai sukan ce ƙari ne, wanda ya so ya saya. A ganinmu, a irin gonakinmu wajibi ne. Dalili shi ne manjagarar da ba ta da su tana bin rawar tarakta: idan tayoyin gaba suka hau tsohuwar kunya sai haƙora su nutse, idan suka gangara kwari sai haƙora su tashi sama, a ƙare da fili mai tudu da rami. Idan akwai ƙafafun, sai a saki haidrolik, su ne za su riƙe zurfin a inda aka saita shi, misali santimita 2 ko 3, yadda za a kwashe shara a bar ƙasa. A zaɓi masu juyawa da kansu idan an sha kwana, kuma a fifita na roba dunƙulalliya a kan masu iska, saboda ƙayar aduwa da ta magarya.

Direba kuma ya kiyaye: tafiya a hankali, kamar kilomita 4 zuwa 6 a awa, kada ya sha kwana ko ya ja da baya haƙora suna cikin ƙasa.

Sharar gona da iskar bazara

A nan ne muke roƙon iyayenmu manoma su ba mu hankalinsu. Mun taso mun tarar ana sharar gona da rani, a tattara kara da ƙirare a cinna wuta, gona ta yi fes. Da hannu ake yi, saboda haka ko an so ba a iya kwashe komai. Manjagarar tarakta kuwa cikin awa ɗaya za ta iya tsiraita hekta guda. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, a kan jigawa irin tamu, ya nuna cewa barin karan gero kimanin tan 2 a shimfiɗe a kowace hekta yana rage yashin da iska ke kwasa da kusan rabi. Kowa a nan ya san guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko, wadda take binne sabon tsiro ko ta ƙone shi da yashi har a sake shuka. Karan da ke kwance shi ne garkuwar tsiron nan, kuma gara tana cinye shi ta mayar da shi taki.

Mun san kara yana da masu nema: dabbobi, da danni, da murhu. Ba mu ce kada a ɗiba ba. Abin da muke cewa shi ne ragowar da aka bari kada a sa inji ya share ta. Shawararmu ita ce a rubuta a dokar hayar tarakta cewa ba za a shiga jigawa da manjagara ba daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar ruwa, sai dai don baje taki da tsame leda, kuma da ƙafafunta a ɗaure.

Haka nan batun itatuwa. Maƙwabtanmu na ƙetaren Kongolam, a yankunan Matamai da Magarya da Mirya na jihar Damagaram, da kuma jihar Maraɗi, tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture a yi masa aski har ya zama itace. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a Jamhuriyar Nijar. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, kuma kowa ya ga yadda gero yake yi a gindinsa. Direban da ke gaggawa kuwa ɗan gawo abokin gabarsa ne. Don haka mai gona ya kafa turke ko ya ɗaura ƙyalle a kan kowane toho da yake so, direba ya kauce masa. Haka kuma kada ƙarfen tarakta ya ci iyakar maƙwabci ko burtalin dabbobi, domin rigimar da ke biyo baya ta fi ribar kunya biyu.

Garma, haro ko rija?

Garma mai faifai an yi ta ne domin ƙasa mai tauri da saiwoyi. Tana nutsawa santimita 20 ko fiye, ta kifar da ƙasa. A jigawa wannan yana binne 'yar fatar nan mai albarka, ya fito da yashi maras amfani, ga shan mai. A fadama mai laka kaɗai muke ganin buƙatarta, wannan kuwa haya ta wadatar. Haro yana da amfani idan ƙasa ta jiƙa, sau ɗaya, ba da zurfi ba. Yin haro a busasshiyar jigawa niƙa ƙasa ne a miƙa wa iska. Rija ita ce ta fi kusa da al'adarmu, domin huɗa take yi, tana tara ƙasar sama da taki a inda za a shuka. A riƙa yanka kunya a gicciye da gangare, domin ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa.

Kada kuma mu manta da tirela. Aikin huɗa 'yan makonni ne a shekara, amma jigilar taki da amfanin gona da kara da yashi da ruwa ba ta yankewa. Taraktar da ke aiki wata biyu ta kwanta wata goma ba za ta taɓa biyan kuɗinta ba.

Yana da kyau mu san iyakar abin da tarakta ɗaya za ta iya, domin kada a yi wa jama'a alkawarin da ba zai cika ba. Kayan aiki mai faɗin mita 2, a gudun kilomita 6 a awa, a lissafin takarda yana gama hekta 1.2 a awa. Idan aka cire lokacin juyawa da kauce wa itatuwa da gyare-gyare, abin da zai rage kamar kashi 70 cikin ɗari ne, wato ƙasa da hekta ɗaya. A yinin awa takwas ana maganar hekta 6 zuwa 7, idan gonakin suna kusa da juna. Saboda haka sai an haɗa masu gonaki unguwa-unguwa an yi layi, kuma garmar shanu za ta ci gaba da ɗaukar kaso mafi girma na aikin.

Batun taya

Taraktocin farko ƙafafun ƙarfe gare su. A 1932 ne kamfanin Allis-Chalmers na Amurka ya fara sayar da tarakta mai tayar iska, aka kuma ga ta fi sauri da sauƙin mai. Tun daga nan taya ta zama rabin tarakta.

A jikin kowace taya akwai lamba. Idan aka ga 16.9-30, ma'anarta faɗin tayar inci 16.9 ne, wilin da take hawa kuma inci 30. Idan aka ga harafin R a tsakiya, kamar 16.9R30, to radiyal ce. Radiyal tana shimfiɗa tafinta sosai a ƙasa, tana rage sulɓi da shan mai, amma ta fi tsada, kuma gefenta ya fi laushi, kututture yana saurin yaga shi. Ta gargajiya gefenta ya fi tauri, ta fi araha, mai faci na gari kuma ya fi sanin ta. Ga gonaki masu kututturen sabara da kalgo, da direbobin da ke koyo, muna ganin a fara da ta gargajiya mai kauri. Kada a haɗa iri biyu a gatari ɗaya.

Zanen tafin taya ma aji-aji ne. R-1 ita ce ta noma ta yau da kullum. R-2 mai dogayen haƙora ta taɓon shinkafa da rake ce, a yashi haƙa rami take yi, a kwalta kuma ta cinye da wuri. R-3 ta filin ciyawa ce, R-4 ta wurin gine-gine. Tamu ita ce R-1. Wajen ɗaurawa a bi kibiyar da ke gefen tayar, domin idan aka juya ta ba ta kakkaɓe ƙasa.

Iska ita ce inda aka fi yin kuskure. Masu faci sun saba da motocin haya, sukan ɗura wa tayar tarakta iska har ta yi tauri kamar dutse. Tayar baya a gona yawanci awo 12 zuwa 18 take buƙata a ma'aunin masu faci, gwargwadon nauyin da ke kanta, ƙananan tayoyin gaba kuma kamar 28 zuwa 36. Takardar kamfanin taya ita ce alƙali. Iska mai yawa tana rage tafin da ke taɓa ƙasa, tayar ta riƙa nutsewa a yashi tana juyawa a banza. Iska kaɗan ainun kuma tana fasa gefen taya. Idan za a hau kwalta da tirela mai kaya a ƙara, idan an koma gona a rage. Ma'aunin iska ɗan ƙaramin abu ne, kuɗinsa bai kai na lita kaɗan na man dizal ba, ya kamata ya zauna a akwatin direba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi da alli da igiyar awo. A yi wa tayar baya alama, a bar tarakta ta yi tafiya ba tare da kaya a ƙasa ba har tayar ta juya sau goma, a auna nisan. Sannan a sauke rija a sake juyi goma, a auna. Misali, idan na farko mita 44 ne, na biyu 38, an rasa mita 6, wato sulɓi kusan kashi 14 cikin ɗari. Ga tarakta mai ja da baya kaɗai, kashi 10 zuwa 15 shi ne daidai. Idan na biyun ya sauko mita 33, sulɓi ya kai kashi 25, wato rubu'in juyin taya a banza yake tafiya, mai da roba suna ƙonewa. Magani shi ne a rage iska zuwa ƙa'ida, ko a rage zurfin aiki, ko a ƙara nauyi. Ana ƙara nauyi da ƙarafan da ake ɗaurawa a wili, ko a ɗura ruwa a tayar baya har kashi uku cikin huɗu, a bar sauran wa iska. Amma aikin manjagara mai sauƙi ne, ba ya son nauyi, nauyin banza kuwa danne ƙasa yake yi.

Ana kuma iya faɗaɗa ko matse tsakanin tayoyi ta hanyar juya wili. Idan tazarar kunya santimita 75 ce, kamar yadda malaman gona suka fi ba da shawara ga amfani da yawa, a saita tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya a kan 150. Idan 90 ce, a kan 180. Ta haka tayoyi za su bi kwari su bar kunya.

Game da mai ja da ƙafa huɗu, gaskiya ne ta fi ƙarfi a yashi da taɓo, amma kuɗinta da na gyaranta sun fi yawa, kuma dole girman tayoyin gaba ya dace da na baya kamar yadda kamfani ya tsara, in ba haka ba giya ce za ta biya. Ga aikin rija da tirela da manjagara a jigawa, mai ja da baya ta wadatar idan an kula da iska da nauyi.

A guji tsohuwar taya mai tsatstsagewa a gefe ko da haƙoranta suna nan. Rana da zuban mai suna kashe roba, saboda haka a yi wa tarakta rumfa. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauye-sauyen 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, taya kuwa tana sahun gaba. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka: a riƙa ware wani kaso daga kowace haya domin taya da gyara tun daga ranar farko.

Kiyaye rayuka

Kujerar tarakta ɗaya ce, ta direba. Ɗaukar yara a kan murfin taya ko a kan abin ja ganganci ne, wanda ya faɗo tayar baya ce take jiransa. A sayi tarakta mai ƙarfen kariya a saman direba, irin wanda ƙasar Suwidin ta fara wajabtawa tun 1959 saboda kifewa. Kada a ɗaura igiyar ja a sama da gatarin baya, domin tarakta takan tashi tsaye ta faɗo da baya. Idan an tsaya a sauke kaya ƙasa, kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da haidrolik kaɗai ke riƙe da shi.

Shawarwarin kwamiti

1. A sayi tarakta mai ƙarfin doki kamar 75, irin wadda makanikanta suke Daura da Katsina, kayan gyaranta kuma suke Kano.

2. A fara da tirela da rija, sai manjagara mai faɗin mita 2.4 ta aji na biyu tare da ƙafafunta da haƙoran ajiya, sai haro maras nauyi idan kuɗi ya ragu. A jingine sayen garma mai faifai.

3. Tayoyi su zama R-1 na gargajiya, sababbi, tare da ma'aunin iska da famfo da kayan faci.

4. Kafin a biya, dillali ya kawo kayan a gwada su a jigawarmu a gaban manoma da makanike, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

5. A tura direbobi biyu horo, a kuma nemi shawarar malaman gona na KTARDA, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilori.

6. A buɗe littafin aiki da za a riƙa rubuta awoyi da mai da kuɗin shiga da gyara, a karanta shi a gaban wannan taro kowace shekara. Babba da yaro kowa ya biya haya ya bi layi.

7. A sanya dokar kare kara da itatuwa da burtali a cikin takardar haya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan taro ya amince, ya kamata a kammala saye da horo da rani, domin ruwan farko ya same mu a shirye. Ƙasar nan amana ce da muka karɓa daga iyaye, kuma 'ya'yanmu za su tambaye mu yadda muka bar musu ita.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa ƙasar Mai'adua da masarautar Daura zaman lafiya da arziki, ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.